A Mayar Da Littafin Kemis Ɗin Unguwarmu

Zuwa ga Mai Girma DPO na yankinmu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, tare da fatan kana lafiya.

"Babu ɗan sandan da zai buɗe littafin kemis sai da takardar kotu." Kai ka faɗi haka, ranka ya daɗe, a taron unguwa, lokacin da aka fara kamen masu sayar wa 'yan acaɓa ƙwaya. Ina layin mata, har tafi na yi.

1. Watan jiya yaranka suka ɗauke littafin da mai kemis ɗinmu na Gangare ke rubuta masu karɓar maganin da sai da takardar likita. Takardar kotu kuwa, babu. Suka ga sunana kowane wata, suka yanke cewa dillaliyar ƙwaya ce ni. A ƙofar gidana suka tsaya suna kiran sunan maganin da ƙarfi, maƙwabta na leƙe, sannan suka tafi da ni ofishinku.

2. Maganin na wani nawa ne. Ciwonsa irin wanda mutanenmu ke gudun mai shi ne, su ƙi haɗa kwano da shi. Duk ranar da aka sani, aikinsa ya tafi. Shi ya sa nake karɓa da sunana, kamar yadda iyaye da yawa ke yi. Da yaranka sun tambayi mai kemis, da ya faɗa musu.

3. Alhamdu lillahi, likitansa ya zo da kansa ya yi maka bayani a ofis, ƙofa a rufe. Ka sallame ni, ba ka tilasta mini faɗin sunan marar lafiyar ba. Na gode. Barcina ya dawo, marar lafiyar ma yana zuwa aikinsa.

4. Sai dai littafin yana nan a teburin karɓar ƙara, inda kowa ke jingina. Da idona na ga wani kurtu yana buɗe shi yana cin gyaɗa. Akwai matan aure da limamai a ciki.

Ina roƙon a mayar da shi, a kuma ja wa yaranka kunne a rubuce. Idan Juma'ar ƙarshen watan nan ta wuce yana wurinku, zan ɗauki lauya, in nemi alƙali ya tambaye ka takardar da ka ce sai da ita.

Allah Ya yi maka jagora, Ya rufa asirinka kamar yadda ka rufa nawa.

Wassalam.

Wata malamar makaranta,
Gangare, Jos