Kunnen Kawu Sale

Daren Laraba, unguwar Uwani

Na ƙi karɓar aikin Haruna, kuma ko gobe ya sake turo shi haka, zan ƙi. Ya yi wa manhajarmu ta karanta wa makafi saƙo sabuwar fuska mai kyau, 'yan guruf sai yabo suke. Amma dokarmu tun farko ita ce, duk gyaran da ɗan sa-kai ya turo sai ya bi ta kunnen Kawu Sale, makahon da ke gwada mana, kafin in haɗa shi da manhajar.

Bayan la'asar na kai wa Kawu gyaran a wayata, a shagonsa na kasuwar Kenyatta. Ya shafa wayar, ta ce "maɓalli". Ya matsa gaba, ta sake cewa "maɓalli". Haruna bai sa wa ko ɗaya suna ba. Kawu ya miƙo min ya ce, "Hadiza, wannan ai ta fi ni makanta."

Da na gaya wa Haruna, sai ya rubuto, "Abeg, kyauta nake yi, ba albashi kike biyana ba." Wai zai fita. Abin ya dame ni, don duk cikinmu babu gwani kamarsa. Amma aikin na kowa ne, in ya so ya kwafa ya tafi. Ba don masu ido muka fara ba.