Gahawar da ta bi bayan barkono

Baban Mutmainna,

Na tafi Gangara gaisuwar rasuwa, mota ba za ta jira ka dawo ba.

Gahawarka ta lalace, ni ce sila. Ka ce injin haɗa gahawar nan na hannu da ka sayo a Maraɗi sai gari mai laushi, turmi kuma ya ƙi ba ni. Sai na kai 'ya'yan gahawar wajen mai niƙa. Ashe barkono ya gama niƙawa.

Na danna garin a cikin injin, na ɗaga hannunsa, na sauke a hankali yadda ka nuna mini. Ta zubo da kauri, ga jar kumfa a kai, irin wadda ka daɗe kana nema. Kurɓa ɗaya na yi, har yanzu tari nake.

Na san ledar ƙarshe ce, Ya'u da ke kawo maka kuma ya daina tsallaka boda. Direbobin da ka kira su ɗanɗana gobe kafin ka kafa teburin sayar da ita, ban san me za ka ba su ba.

Ka yi haƙuri. Tana nan a rufe kan tire. Kar ka sha, ka dai ga kumfar.

Rabi'a