Numfashin da Zai Cika Jakar Algaita

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Zuwa ga ƙanena Auta. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya tare da iyali, amin.

Bayan haka, ina sanar da kai jikin Inna ya tsananta. Yau kwana tara ba ta ce uffan ba, ruwa ma sai a cokali, kuma ba ta shaida kowa, har ni da nake wuni a bakin gadonta. Amma shekaranjiya da hantsi 'yan kwana-kwana suka bi ta layinmu suna fareti da algaitarsu mai jaka, irin taka. Sai ta ɗaga kai daga matashi, ta juya wajen taga, ta ce, "Auta ne?" Da suka yi nisa ta mayar da kai kan matashin.

Ban manta ba, ni na ce kada algaitar nan ta sake shiga gidanmu, kai kuma ka rantse ba za ka shigo ba sai da ita. Shekara ashirin da biyu ke nan. Na janye maganata. Ka zo da ita, don girman Allah, kada ka jinkirta.

Haza wassalam,
Yayanka.

*

Yaya Malam,

Sannu da jinya, Allah ya ba Inna lafiya. Na karanta takardarka a tsaye, na sake karantawa a zaune.

Akwai abin da ba ka sani ba. Shekara uku ke nan da na ajiye aikin kwana-kwana, hayaƙin gobara ya gama da ƙirjina. Ita kuwa wannan aba, sai ka cika jakar da iska ta bututu, ka matse ta a hammata, kana busa kana ƙara hurawa. Jiya na sauko da ita daga saman kwaba na gwada. Ko rabi ban cika ba tari ya durƙusar da ni. Yatsun suna nan, Yaya, numfashin ne babu. In zo in tsaya mata da jaka babu iska? Ko in turo muku busan da aka naɗa a waya?

Ka gaida mutan gida.
Auta.

*

Zuwa ga Auta, bayan sallama da addu'a.

Busan waya mun riga mun gwada, ko motsi ba ta yi ba. Jiya cokali biyu kaɗai ta sha.

Zan faɗa maka abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Duk ranar da masu fareti suka wuce, nakan rufe littafi in laɓe a bayan labule. Wannan doguwar murya da ke gunji a ƙarƙashin waƙar, wadda ba ta yankewa, takan riƙe ni har sai ta ɓace, sa'annan in koma mazaunina ina istigfari. Ban san hukuncina a wurin Ubangiji ba, amma na san hakkin uwa.

Shekara arba'in ina karantarwa da murya sama, ƙirjina bai taɓa gazawa ba, alhamdu lillahi. Idan mutum biyu za su iya, ni zan hura bututun, kai ka matse jakar ka sarrafa yatsu. Ka amsa mini da gaggawa.

Wassalam,
Yayanka.

*

Yaya Malam,

Za su iya. Ina tafe a motar safe ranar Laraba, in sha Allah. Kafin nan ka fara gwaji da balan-balan ɗin jikokinka, kada ka ba mu kunya.

Ka raɗa wa Inna a kunne cewa Auta ne, yana hanya. Ta jira ni.

Auta.