Jirgin da Ba Kowa a Ciki

Moduganari, Maiduguri
Lahadi, 4 ga Mayu

Zuwa ga Yaya Hashim,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya tare da Anti Rashida da yara. Yaya ciwon ƙafar? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai dai zafi.

Kwalin jirgin da ka ba direba ya iso, ba abin da ya karye. Na gode. Na manna gangar jiki da fuka-fukai, na goge wurin gam da samfefa, saura fenti. Na san har yanzu wasan yara kake ɗaukar abin, mutum da furfura a gemu yana haɗa jiragen yaƙi na roba. Wataƙila gaskiyarka ce. Ni dai in na dawo daga ofis na ɗauki burushi, kaina yakan yi shiru.

Labarin da ke akwai shi ne surukata, Ya Kaltum, ta dawo wajenmu da zama. Yagana ta ce ba za ta ƙara barin mahaifiyarta ita kaɗai a Konduga ba. Ɗakin da ya rage shi ne wanda nake aiki a ciki, inda jiragen suke rataye da zare a silin. Ka san yadda ɗanta Babakura ya rasu, shekarar da mutanen daji suka riƙe ƙauyensu. Jirgi ya zo, jama'a suka fito fili suna kaɗa zannuwa, suna zaton ceto ne, sai ya sako musu bam. Na yi niyyar sauke jiragen kafin ta iso, sai ta riga ni shiga. Ta ɗaga kai ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a bar su. Na bar su. Ban san ko na yi daidai ba.

A gaida mutanen gida duka.

Ƙaninka,
Abdulmutallib

Moduganari
Juma'a, 30 ga Mayu

Yaya Hashim,

Sallama irin ta addini, da fatan kowa lafiya. Na so in kira ka a waya, sai na ga a takarda na fi iya jera magana.

Ya Kaltum ba ta da lafiya, kuma ina jin daga hannuna abin ya fito.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Kowane kwali yakan zo da ɗan mutum-mutumin matuƙi, bai kai gaɓar yatsa ba. Ni ba na sa shi, saboda abin da aka koya mana game da ajiye siffar mai rai a gida. Nakan fente kujera da bel ɗinta, in rufe gilashi, su kuma matuƙan in zuba su a gwangwanin madara.

Rannan Ya Kaltum ta sa aka sauko mata da jirgi guda. Hausarta kaɗan ce, ni kuma ina jin nauyinta, saboda haka ta bakin Yagana muke magana. Ta jujjuya shi a hannu, ta shafa cikinsa, ta leƙa ta gilashin, ta tambaya ina mutumin. Yagana tana tsintar shinkafa, ta ce mata ai ba kowa a ciki. Na roban take nufi. Tsohuwa ta ɗauka har wanda ya zo ƙauyensu haka yake.

Tun daga ranar ta rage cin abinci, yanzu sai ruwa da ƙyar. Yagana ce ta fahimtar da ni. Duk shekarun nan abin da ya riƙe ta shi ne, ranar Lahira za a tsayar da ita da mutumin da ya tuƙa jirgin, ta yi masa tambaya. In ba kowa a ciki, wa za ta tambaya? Mun yi bayani har mun gaji. Ta ce ta ga yadda nake aiki, ko ƙusa ba na tsallakewa, da akwai mutum da na sa shi.

Yagana ta daina kallon silin in ta shiga ɗakin. Na je wurin Malam Madu na masallacinmu, na tambaye shi ko zan iya sa matuƙin a jirgin. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce tunda fuskar a rufe take, kuma rai ake nema a ceta, yana ganin da sauƙi, Allah ne mafi sani.

Ku sa mu a addu'a.

Naka,
Abdulmutallib

Moduganari
Asabar, 14 ga Yuni

Yaya,

Bayan gaisuwa, ina fata an yi sallah lafiya. Allah ya maimaita mana.

Na fente matuƙin. Kaya kore, farar hular kwano, baƙin gilashi a fuska. Hular ba ta fita da kyau ba, sai da na sake ta. Na ɓalle gilashin jirgin na zaunar da shi, Yagana ta kai wa Ya Kaltum. Tsohuwa ta riƙe shi kusa da idonta, ta ce masa wushe, wato sannu a yarensu, kamar baƙo ya shigo. Daga nan ta faɗi tambayar da ta daɗe tana ajiye da ita: shin ya ga suna kaɗa zannuwa? Ta ce tunda shi ba ya magana, ni da na san jiragen nan in amsa masa.

Ban iya amsawa da ka ba. Da hantsi na ɗauki wani matuƙin daga gwangwani, na ɗaura masa ɗan ƙyalle daga tsohon zanen Yagana, na ajiye shi a kan yashin tsakar gida. Na yi lissafi, tsayin rufinmu ya yi daidai da jirgin da ya sauko ƙasa-ƙasa. Na sa tsani na hau. Kwano yana ƙona min ƙafa, na riƙa juya kai da sauri kamar mai wucewa. Mutumin ba na ganinsa, ya saje da yashi. Amma ƙyallen, Yaya, duk juyawar da na yi sai na gan shi.

Na san rufin gida ba jirgi ba ne. Akwai gudu, akwai hayaƙi, akwai tsoron da shi ma yake ciki. Haka na yi ta gaya wa kaina ina saukowa. Na ce wa Yagana ta gaya mata bai gan su ba.

Yagana ta gaya mata. Sai Ya Kaltum ta ce ashe shi ma bai san abin da yake ɗauke da shi ba. Ta yi masa addu'a, ta ce a dama mata kunu. Yanzu tana ci, jiya har ta fito tsakar gida ta taya Yagana ɓarar gyaɗa. Da safe nakan ji tana gaishe shi.

Ya kamata in yi murna, kuma ina yi. Amma ranar nan tana zuwa, za a tsayar da su biyu, za ta tambaye shi, kuma ranar zai iya magana. In amsarsa ta saɓa da tawa, za ta waiwayo ta neme ni a cikin taron. Kai ka fi ni karatu. Ka rubuto ka gaya min abin da zan ce mata.

A gaida Anti Rashida. Allah ya sa mu cika da imani.

Ƙaninka,
Abdulmutallib