Kashi Tamanin na Mota ta Bakwai

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan gwiwar ta yi sauƙi. Na saƙala takardar nan a sitiyarinka ne saboda bakina ya yi nauyi.

Motocin lantarki goma sha biyu gare mu a kamfani, na'urar caji mai sauri biyu kacal. Batir yana kai kashi tamanin cikin minti talatin da biyar, ragowar ashirin ɗin kuma sai ya ci wasu minti arba'in. Kowa na cire cajin a tamanin, ban da mota ta bakwai, wato taka, wadda sai ta cika ɗari. Jiya direbobi uku sun makara saboda layi. Manaja ya ce ranar Alhamis in ba shi sunan mai tare wurin, a karɓe makullinsa. Kai ka kawo ni aikin nan, Kawu.

Ka huta lafiya.
'Yarka

Injiniya,

Wa'alaikumussalam. Gwiwa da sauƙi. Shekara ashirin da takwas ina tuƙi, sau ɗaya tak na fita tanki bai cika ba. Babarki na naƙuda a kujerar baya, na ce man zai kai mu asibiti. Bai kai ba. A bakin titi aka haife ki, wata mai wucewa ta yanke cibiya. Wannan wayar hannu mai taya huɗu, in ta mutu, wa zai kawo mini wuta a galan? Rubuta sunana, kada ki fara aiki da ƙarya.

Allah ya yi miki albarka.
Kawunki

Kawu,

Barka da yamma. Mama ba ta taɓa gaya mini ba. Sau uku na karanta.

Na duba tafiye-tafiyenka na wata biyu. Mafi tsawo kilomita ɗari da arba'in ce, kashi tamanin kuwa yana kai ɗari biyu da talatin, ko da na'urar sanyi a kunne. Gobe Laraba ka cire a tamanin, ni zan zauna a gaba. Idan ta tsaya, sunana zan ba manaja. Na sake lissafin har sau huɗu.

Da girmamawa,
'Yarka

Injiniya,

Sannu da gajiya. Duk hanya idonki na kan allo, sai ka ce mai gadin madara a wuta. Na gani, mun dawo saura kashi talatin da ɗaya. Ki ce wa manaja ta bakwai ta bar masa layinsa.

Amma a tamanin da biyar zan riƙa cirewa. Biyar ɗin na babarki ne.

Kawunki