Sawun Ƙafarka ta Hagu

Zuwa ga ƙanena Habu, wanda aka ce yanzu nasara na kira Barewa,

Bayan sallama irin ta Musulunci, da gaisuwa mai yawa, da tambayar lafiyarka da ta waɗanda kake tare da su, in kana da su. Mu nan Gure sai godiyar Allah. Ni ne wanka Isufu, gurgun da ka bari a kwari da jigo da dabino. Da ajami nake rubuto maka, in har gudun ƙwallo bai zubar maka da baƙin da muka koya a gaban Malam Kyari ba. A rumfar Bukar tela nake zaune, yau kasuwa ke ci, mutane sun taru suna leƙe ta kafaɗata, na kuwa ce kowa ya leƙa. Abin da zan faɗa maka ba asiri ba ne. Garin nan duk ya san shi, kai kaɗai ne ba ka sani ba.

Takardarka ta iso, hoton ma ya iso, mun gani. Ƙato da kai, har da gashin baki, ka tsaya cikin ɗan guntun wando, cinya a waje, gwiwa a waje, ka ɗora ƙafa bisa ƙwallo sai ka ce wanda ya kashe zaki. Nasara goma sun kewaye ka suna yaƙe haƙora. Liman ya duba sau ɗaya ya yi a'uzubillahi ya miƙo mini. Ni kuwa na daɗe ina kallo, ina neman ɗan Baba a cikinsu.

Shekara takwas ke nan, Habu. Uku aka ce mana. Ka tuna ranar da aka jera mu a gaban bariki, likitan soja yana duba haƙoranmu kamar masu sayen jaki? Ya kalli ƙafata da kurkunu ya cinye, ya ture ni gefe da sandarsa, ya nuna ka. Duk waɗanda aka ɗauka tare da kai, wanda bai mutu ba ya dawo. Mamadu na unguwar maƙera ya dawo da yatsu tara da tari. Kai kuwa an ba ka takardar sallama a hannu, ka naɗe ta ka sa aljihu, ka koma fili.

A bakin Mamadun nan muka ji yadda abin ya fara. Wai tun a barikin Damagaram wani kabiten ya hango ka kana bin ƙwallo, ya cire ka daga masu haƙa da masu ɗaukar kaya, ya sa ka cikin masu wasa. Na ce masa ya bayyana mini aikin naka dalla-dalla, don in san abin da ya fi uwa daraja. Ya ce can gefen fili na hagu kake tsayawa, bakin layin da aka ja da farar ƙasa, ka jira a turo maka. In an turo sai ka sheƙa da gudu, ka kauce wa wannan, ka zille wa wancan, in ka kai ƙurya ka cilla ta tsakiya wani ya zura a raga. Na ce tsaya, wato zurawar ma ba shi ke yi ba? Ya ce yawanci ba kai ba ne. Kai, tir! Ka sha gudu, ka sha shuri, wani can ya ɗauki sunan. Ai jakin kanwa ya fi ka, ko banza shi ya san abin da ya ɗauko, kuma in rana ta faɗi gida yake dosa.

Daga Damagaram sai Dakar, daga Dakar sai jirgin ruwa. Ka rubuto cewa ƙungiyar wani gari na bakin teku ta ɗauke ka, riga mai ratsi-ratsi. Ba mu gama koyon faɗin sunan garin ba sai ga wata takarda, wai ka koma wata ƙungiyar a garin masu haƙar gawayi, inda sanyi ke daskarar da ruwa a randa. Yau kana wurin wannan, gobe an miƙa ka ga wancan, kamar rago a hannun dillalai, kana ta murna kana rubuto mana. Bukar tela ga shi nan yana dariya, ya ce in tambaye ka ko suna taɓa maka gadon baya su ji kitse kafin su karɓa.

Sai kuma babban labarin, wanda ka cika takarda biyu da shi. An zaɓe ka cikin waɗanda za su buga wa tutar Faransi da mutanen wata ƙasar. Ka ce kun jeru an busa ƙaho, an yi waƙar ƙasarsu, ka ji tsikar jikinka ta tashi. Madalla. Ni ma tsikar jikina ta tashi da na karanta. Tutar nan ce ke kaɗawa bisa bariki lokacin da aka kwashi Baba aikin tilas na hanyar mota, yana da furfura yana ɗaukar dutse a ka, ya dawo da ciwon ƙirjin da bai rabu da shi ba har ƙasa ta rufe masa ido. Ita ka tsaya wa ƙiƙam da cinya a waje kana hawaye.

Da Baba ya rasu na aika maka. Sai bayan wata biyar amsarka ta zo. Layi ɗaya ne na ta'aziyya, na sake dubawa ko na tsallake wani, babu. Sauran duk labarin wani dogon nasara ne da ka zille wa har ya faɗi zaune, jama'a suka tashi suna kiran Barewa. Na karanta wa Inna layin farko, sauran na haɗiye, na ce gaisuwa ce kake yi wa dangi ɗaya bayan ɗaya. Har sunaye na ƙirƙiro maka, Habu. Ka gaida Gwaggo Falmata, ka gaida mutanen Gidigir, kai da ba ka tuna da kowa ba.

Ba zan cika ka da zancen kwari ba. Yashi ya gangaro ya binne rabin rakenmu, dabino kuwa sai na roƙi maƙwabta su hau mini, don ƙafar da ke hawa tana can tana shurin fata. Wannan wahalata ce, na saba. Ba don ita na sayi takarda ba.

Don Inna na rubuto.

Akwai abin da ba ka gani ba ranar da ka tafi, don ba ka waiwayo ba. Ka dai tuna tun da safe ta share ƙofar gida tas, ta yayyafa ruwa, ta ce ka fita da ƙafar dama da bisimilla. Ka yi yadda ta ce. Kana shan kwana ta durƙusa, ta kwashe ƙasar sawun nan da hannu biyu, ta yage bakin zanenta ta ƙulle, ta rataye a azarar ɗakinta. Haka ta ga uwarta ta yi wa fatake masu zuwa Barno. In dai sawun mutum na gida, ƙafarsa sai ta biyo shi. Liman ya gaya mata wannan ba ya cikin littafi, ta ce ta ji, ta gode, ba ta kuwa sauke ƙullin ba.

Shekara takwas ƙullin nan na rataye. In ɗaki ya yi yoyo da damina, shi take fara kawarwa kafin tabarmarta. Duk wanda ya ce ba za ka dawo ba sai ta yi murmushi, ta nuna sama da haɓa. Ni na yi fushi da kai, Baba ya mutu da fushinka, ita ko sau ɗaya hankalinta bai tashi ba. Tana da abin da ta riƙe.

Yanzu yanar ido ta rufe mata gani, sai dai ta ga haske da inuwa. Da hoton nan naka ya zo ta shafa shi da yatsu, ta ce a gaya mata abin da ke ciki. Mamadu na wurin, shi da bakinsa ba ya ajiye magana. Ya fara ba ta labarin rigar, da takalmin mai ƙusoshi, da ƙwallon da ka taka. Ta tambaye shi da wace ƙafa ka taka. Ya ce ai da hagu, Inna. Ya ƙara da cewa duk Faransi babu wanda bai san hagun Habu ba, ita ta fitar da kai daga bariki, ita ta sa ka a jirgi, ta daman kuwa ba ta da aiki sai dogarawa. Yana faɗa yana alfahari, a zatonsa daɗi zai ba ta.

Inna ta ajiye hoton. Can sai ta ce, "Ashe ba ita na ɗaure ba."

Tun daga ranar ba ta ƙara cin abin kirki ba. Fura ma sai na tsaya a kanta. Ta tuno yadda aka haife ka bahago, yadda Baba ya riƙa ɗaure maka hannun hagu da tsumma har ka koyi cin tuwo da dama. An gyara hannu, ba wanda ya yi tunanin ƙafa. Wa zai durƙusa ya kwashi sawun hagu, ƙafar shiga bayan gida? Duk matar garin nan dama za ta ɗiba. Na faɗa mata haka, Liman ya faɗa mata, Gwaggo Falmata ta zo takanas ta faɗa mata. Ta ce ita ce uwarka, ita ta ga tatatarka, ya kamata ta san ƙafar da ka fara ɗagawa. Da tana ganin laifin nasara ne. Yanzu ta ɗauke laifin daga kansu, ta ɗauke daga kanka, ta ɗora wa kanta, kuma nauyin yana kashe ta ina kallo.

Wallahi na yi niyyar yi mata ƙarya. Na gangara kwari na ɗebo yashi na naɗe a takarda, zan ce kai ka aiko. Har na kai ƙofar ɗakinta na dawo. Matar da ke gane geron Gidigir da na Alakos da hanci, ita zan ruɗa da yashin Gure?

To ga abin da ya sa na zauna gaban jama'a ina rubuto maka, bayan duk abin da na faɗa a kanka, wanda kuma ban janye ko kalma ɗaya ba. Ka fita waje. Ka cire takalmin nan mai ƙusoshi, ka cire safa. Ka nemi wurin da akwai ƙasa, don Mamadu ya ce garuruwan nasara duk dutse ne a shimfiɗe, in babu ko ta bakin filin wasan naku ce. Ka taka da ƙafar hagu, ka kwashe sawun, ka naɗe cikin takarda, ka aiko. Kada ka haɗo da hoto, kada ka ba ni labarin dogon nasara. Ni Isufu, wanka, yau ƙurar ƙafarka nake roƙo, kuma mutanen rumfar nan sun daina dariya.

Ni ban ce ƙasar za ta jawo ka ba. Mutumin da ta'aziyyar ubansa ba ta jawo ba, ban ga abin da ƙulli zai yi masa ba. So nake ta rataye na biyun kusa da na farko, ta ce yanzu kam ta yi nata, ta sha furarta.

Akwai kuma maganar da na daɗe ina riƙe da ita. Ni ne babba, ni ya kamata a ɗauka ranar nan. A madadina ka tafi, ban taɓa buɗe baki na ce maka na gode ba. Shekarar da kurkunu ya kwantar da ni, kai ka riƙa goya ni daga gida zuwa kwari don kada zaman ɗaki ya kashe ni, kana hawa tudun yashi da ni a bayanka kana yi mini waƙar banza. Ban manta ba. Hoton nan da Liman ya ƙi kallo yana aljihun rigata yanzu haka. Kuma in Mamadu ya tashi ba da labarin yadda kake zille wa mutum uku a jere, ina tsaki, ina cewa aikin banza, amma ban taɓa tashi daga wurin ba sai ya gama.

Ana ta raɗe-raɗin yaƙi a bakin masu zuwa daga Damagaram, wai Jamus na wasa wuƙa. In ya tashi, waɗanda ke tafa maka yau su za su karɓe ƙwallon su miƙa maka bindiga. Don haka kada ka ce sai an gama wasannin bana. Inna ba ta da bana da baɗi.

Allah ya tsare ka a inda kake. Allah ya tsare ƙafafun nan naka duka biyu, mai gudun da mai dogarawar. Allah ya jiƙan Baba, ya ara wa Inna kwana har takardarka ta iso, ya sa ta ji ƙamshin ƙasar ta gane taka ce. Ya shirye ka, ya sassauta mini zuciya a kanka. Amin.

In kuwa ka ga naɗe ƙasa a takarda ya yi maka wuya, ka kawo ƙafar da kanta. Kullum da safe Inna na sa a share ƙofar gida a yayyafa ruwa, kuma ni ke sharewa.

Naka, ko ka so ko ka ƙi,
wanka Isufu,
daga Gure.