Na Ga Ƙeyarka a Ƙofar Bariki

Zuwa ga ƙanena Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan saƙo ya same ka cikin ƙoshin lafiya a duk garin da kake. Mutanen gida kowa lafiya. Umma lafiya lau, sai ƙafar nan tata da ke motsawa in hadari ya haɗu. Su Hanifa suna gaishe da kawunsu. Da gangan na ce duk garin da kake, domin garin da ka faɗa mana na daina yarda da shi.

Ka yi haƙuri da na rubuto maka a nan, inda jama'a za su karanta. Na kira layinka har na gaji, ko a kashe ko ba a ɗauka. Amma duk ranar da aka ba ku wayoyinku ina ganin alamar ka shigo ka duba abin da na sa, ka fice ko sallama babu. To ga shi na ajiye maka a inda kake leƙawa. Kada hankalinka ya tashi, ban rubuta sunanka na yanka ba, kuma Abba a Minna kowane layi akwai biyu ko uku. Umma kuwa ka san aikin wayarta bai wuce kira da tocila ba.

Maganar guda ɗaya ce. Ka ce mana an ɗauke ka horon hafsoshi a Kaduna, za ka fito da anini a kafaɗa. Ni kuma zuciyata ta ƙi kwanciya. Ina zargin sakamakon digirinka bai kai ba, ina zargin kurtu ka shiga. Abin da ya fi hana ni sakat shi ne kada kunya ta sa ka yi shiru har a yaye ku, a zuba ku a mota a tura ku daji, Umma ba ta sa ka a ido ba. Duk ɗan jihar nan ya san inda ake kai sababbin sojoji yanzu.

Ka san halina. Baba, Allah ya jiƙansa, 'yar sandan ciki yake ce mini, don ko nama ɗaya ya ɓace a tukunya sai na gano bakin da ya ci. Sau tari bakinka ne. Saboda haka kada ka yi mamaki don na bi sawunka.

Tun kana ƙarami kake son kaki, amma ba kowane kaki ba. In motar hafsa ta tsallaka layin dogo ta bayan gidanmu, kakan ƙame ka sara mata har ta ɓace. Da Baba ya tsokane ka ya ce ka gama sakandare ya kai ka kurtu, sai ka kumbura baki ka ce, “Ni ba za a daka mini tsawa ba, ni zan daka.” Da wannan buri ka shiga jami'a a Gidan Kwano, kai da Ishaya ɗan maƙwabciyarmu, kullum tare kuke bin bas.

Shekara biyun farko babu wanda ya kai ka baki. Tun daga zaure ake jin sakamakonka, kafin ka cire takalmi ka faɗa wa kowa har kaji. A shekara ta uku ciwon Baba ya kwantar da shi, shagon kafinta ya dawo wuyanka. Na sha ganinka kana tseren bas da garin katako a gashinka. Wata rana ka samu laccar, wata rana sai dai Ishaya ya kawo maka littafinsa ka kwafa. Ban manta wannan ba, kuma ba zan bari kowa ya manta ba. Sai dai kada ka ce na ɗora wa ciwon Baba komai, gidan kallon ƙwallo ma ya ci rabonsa, ni da kai mun sani.

Ishaya ya gama, kai ka ƙara shekara kana maimaita kwasa-kwasan da suka kayar da kai. Ranar da sakamakon ƙarshe ya fito ka shigo gida sumui-sumui, ka ce alhamdu lillahi an fita. Na ce da me aka fita? Ka ce, “Da abin da ake nema, Yaya.” Mutumin da ke shela tun daga zaure, yau sai an tatsi magana a bakinsa. Bikin yaye ɗalibai ma ka ce ɓata lokaci ne, rana ce kawai mutum zai sha a cikin babbar riga. Daga ranar na fara lura da kai.

Bayan ka dawo daga bautar ƙasa aka buɗe ɗaukar hafsoshi masu digiri. Ina gida ranar da Ishaya ya zo yana karanto muku sharuɗɗan daga wayarsa a tsakar gida. Da ya zo kan batun sakamako ya ce sai daraja ta biyu, ko da ta ƙasa ce, amma daraja ta uku ba a karɓa. Kai kuma sai ƙishirwa ta kama ka nan take, ka miƙe ka nufi randa, alhali ga kofin ruwa cike a gabanka. Umma ba ta lura ba, ko kuma ni na ɗauka ba ta lura ba.

Da lokacin tantancewa ya yi, Ishaya ya ɗauki jaka ya yi tafiya mai nisa, ya yi kwanaki kafin ya dawo. Kai kana gida. Ka ce rukuni-rukuni ake kira, naku bai zo ba tukuna. Na ce to.

Sai wata ranar aiki da tsakar rana, na taso daga makarantar da nake koyarwa, mai Keke Napep ya bi da mu ta gaban bariki. Samari ne rututu zaune a ƙasa cikin rana, daga su sai gajeren wando, wani soja yana zagaya su da sanda. Matar da ke kusa da ni ta ce masu neman kurtu ne ake tantancewa. Duk sun ba titi baya. Abba, ƙeyar nan taka da muke tsokanarka da ita tun kana rarrafe, ko a cikin mutum dubu zan fitar da ita. Na ce wa mai keken ya tsaya, kafin ya samu wurin tsayawa an tashe ku an kora ku ciki da gudu. Da yamma na je gida na tarar da kai ka yi baƙi ƙirin, kana tafiya kamar mai ƙaya a ƙafa. Ka ce ƙwallo ka buga. Na so in ƙure ka a ranar, sai na ga yadda Umma ke zuba maka tuwo tana murna, na haɗiye maganata.

Shirin tafiya ma ya ba ni abin tunani. Maman Ishaya ta kai ɗanta wajen tela aka ɗinka masa kwat da wando, ta sayo laktaye da baƙin takalmi mai ƙyalli, ta ce haka aka ce su zo da su. Kai kuma da na leƙa ɗakinka, bokiti na gani, da kwanon cin abinci, da gajerun wanduna, da farin kambas. Na ce ina taka kwat ɗin? Ka ce a can za a ba ku. Wannan wace irin makaranta ce da take ba ɗalibi ɗaya kwat, ta bar ɗayan ya ɗinko tasa? Kuma ba rana ɗaya kuka tafi ba, ba ma wata ɗaya ba.

Sau ɗaya ka kira Umma da wata baƙuwar lamba, kuka gaisa a gurguje, ka ce Kaduna lafiya. Bayan kwana biyu na ɗauki lambar a wayarta na kira. Wata mata ce ta ɗauka, mai sayar da abinci, mai kirki kuwa. Ta ce yaran da ke horo sukan roƙe ta aron waya, ba ta iya tuna kowa. Na ce yaya Kaduna? Ta yi dariya ta ce ita ai a Zariya take, rabonta da Kaduna tun bikin ƙanwarta. Na yi mata godiya na kashe. Zariya kuwa kowa ya san can ake horar da kurtu.

Ga kuma Maman Ishaya. Matar da in ta tare ka a bakin famfo sai ka nemi wurin zama, yanzu da ta hango ni sai ta ƙara sauri. Rannan na sha gabanta na ce yaya yaranmu, suna haɗuwa kuwa? Ta kalli ƙasa ta ce, “Ishaya yana lafiya, ya kira. Abba ma, Allah yana nan.” Na ce ai na san Allah yana nan, Abba nake tambaya. Sai ta ce, “Kai, Maman Hanifa, bari in je, miya na yana wuta.” Ban ga laifinta ba. Na tabbata Ishaya ya faɗa mata bai taɓa ganinka a can ba, ko kuma kai ka roƙe shi ya rufa maka asiri, ita kuma tana tsoron kada ta zama sanadin tashin hawan jinin Umma.

Yanzu bari in gaya maka abin da ka bari a gida. An riga an sanar da su Maman Ishaya watan bikin yaye su Ishaya, matan cocinsu har sun fitar da anko. Umma da ta ga haka ita ma ta tara matan layinmu suka zaɓi atamfa. Kowa a unguwa Umman hafsa yake ce mata, mai kayan miya ma da haka yake gaishe ta. Ta ji an ce a ranar iyaye ne ke liƙa wa ɗansu anini da hannunsu, sai ta shiga tambaya ko da allura ake kafawa ko maɓalli ne. Na shiga ɗakinta wata rana na same ta ta rataye tsohuwar rigar Baba a ƙofa, tana gwada maƙala fil a kafaɗar. Ta ce ba ta so hannunta ya yi rawa a gaban manya. Na fita na shiga kicin na yi kukana, kuma a ranar na ji haushinka ƙwarai, Abba, ba zan ɓoye maka ba.

Haushin bai daɗe ba. Na zauna na tuna cewa shekarar da makinka ya zube, ita ce shekarar da ka riƙe gidan nan. Ni ina ɗakin mijina a Chanchaga, sai in zo da rana in duba Baba in koma. Kai ne mai ɗaga shi, kai ne mai shago, kai ne mai jarrabawa. In daraja ta uku ka fita da ita, to mu muka ci sauran, mu duka. Babu wanda ya isa ya yi maka gori a gidanmu, in kuwa a unguwa ne, ka bar ni da su, ka san bakina.

Abin da ya kasa shiga kaina shi ne yadda mai cewa ba za a daka masa tsawa ba ya je ya zauna a ƙasa cikin rana, da digirinsa, ana zagaya shi da sanda. Na yi ta juya abin. Ko dai son kakin ya fi ƙarfin girman kan, ko kuma zaman gida babu aiki ne ya ishe ka, kana kallon Umma tana kallonka. Ko wanne ne, ban ga abin kunya a ciki ba. Na ji ana cewa kurtu ma in ya yi haƙuri akwai hanyar da yake bi ya zama hafsa daga baya. Ban san gaskiyar wannan ba, kai za ka fi ni sani. Ni dai da ranka na damu.

Mai yiwuwa kuma duk zargina shirme ne. Mai yiwuwa akwai wani mai irin ƙeyarka a Minna, Allah ya ba shi haƙuri. In haka ne ka zo da anininka ka kunyata ni a gaban kowa, ka sa in sara maka a tsakar gida. Ban taɓa fatan a ƙaryata ni kamar wannan karon ba.

Sai dai shekaranjiya wani abu ya faru, shi ya sa na kasa ƙara jira. Muna zaune da Umma bayan la'asar tana tsince wake, ba maganarka muke yi ba ma. Ba ta ɗago kai ba ta ce, “Wai su ƙananan sojojin nan marasa anini, su ma ana barin iyayensu su je ranar da za a yaye su?” Na ce na ji an ce ana bari. Ta ci gaba da tsintar wakenta, can ta ce, “To ki tambaye shi ranar.”

Ban tambaye ta me ta sani ba, ko tun yaushe. Saƙonta ke nan na isar. Ba na neman bayani, ba sai ka ba kowa haƙuri ba, ba sai ka kira ka ji muryata kunya ta kama ka ba. Ka turo mini sunan gari da rana kawai. Ni zan kawo ta, ko da a bayan igiya za mu tsaya cikin rana muna leƙenka daga nesa.

Allah ya tsare mini kai, ƙanena. Allah ya ba ka juriyar abin da ya rage na horon, ya haɗa ka da shugabanni masu tausayi da abokai masu amana. Allah ya kare ka daga harsashi da sharrin daji, ya jiƙan Baba, ya ƙara wa Umma lafiya. Allah kada ya sa a ɗora ka a motar nan sai Umma ta dafa kanka ta sa maka albarka.

Taka har kullum,
Yayarka, Maman Hanifa
Chanchaga, Minna